Makankarin teku a cikin dutsen Tuwaiƙ, ya aka yi ya zo tsakiyar Najadu, yankin Riyad?

Direban tirela, Riyad:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka yi karatun ƙasa da duwatsu a cikinmu, kwana uku kenan abin yana min yawo a kai.

Ni direba ne, shekarata shida ina ɗaukar kaya daga Riyad zuwa Jidda, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san gangaren Ƙiddiyya, inda aka tsaga dutsen Tuwaiƙ gida biyu titi ya ratsa ta tsakiya kafin ka isa Muzahmiyya. Na bi wurin ba adadi amma kullum hankalina na kan birki da giya ne, ba na kallon gefe. To ran Talata da na sauko ƙasa sai na ji ƙaurin birki, na gangara gefen titi na tsaya ya huce, na fito neman dutsen da zan tokare taya da shi. Wanda na ɗauka fari ne mai ɗan rawaya-rawaya, ina juya shi sai ga makankari manne a jikinsa, irin wanda muke tsinta a bakin kogi muna yara, da zane-zanen bayansa da komai, sai dai ya riga ya zama dutse, na sa farce na ƙwaƙula ko gezau. Na ƙara zagawa a wurin na samu wani mai ƙananan ramuka a jere kamar saƙar zuma, da wani a murɗe kamar katantanwa.

Sai a lokacin na ɗaga kai na kalli dutsen da kyau. Ashe hawa-hawa yake kamar an jera katifu a shago, wani layin kaurinsa ya fi tsayin mutum wani kuma bai wuce faɗin tafin hannu ba, wani fari wani toka-toka, kuma abin da ya fi ɗaure min kai shi ne layin da ke hannun hagu na titi shi ne dai a hannun dama, tsayi ɗaya kala ɗaya, kamar da wuƙa aka yanka.

To tambayata biyu ce. Me ya jera su haka? Sannan ta ina kayan ruwa suka shiga cikin dutse a nan, alhali daga Riyad zuwa tekun Dammam wajen kilomita 400 ne, Jidda kuwa kusan dubu? Duwatsun suna nan a cikin mota na ajiye su.

Tela, Batha:

Wa alaikumus salam. Ni dai abin da na taso ina ji a wajen manya shi ne ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu (AS) ya rufe ko'ina har kan duwatsu, da ya janye ya bar irin waɗannan abubuwan a baya. Wani kwastoma na ya taɓa nuna min irinsu da ya tsinto a wurin nan da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa, wanda suke kira Haffatul Alam, shi ma ai jikin Tuwaiƙ ne. Allah ne mafi sani, bari masu karatun su zo mu ji.

Ɗalibin jiyoloji, Riyad:

Yaya direba wlh tambayarka ta min daɗi, don irin wuraren nan ake fita da mu daga jami'a mu wuni da guduma da tef muna auna layukan ɗaya bayan ɗaya. Fannin ma sunansa guda, a aji da Larabci ilmuɗ ɗabaƙat muke ce masa, wato ilimin shimfiɗun dutse.

Ba kayan teku ne suka yi tattaki suka zo Najadu ba, tekun ne da kansa ya taɓa zama a nan. Wajen shekara miliyan 160 da suka wuce, a zamanin da ake kira Jurasik, inda ka faka motarka ƙasan teku ne, gefen wani babban teku da masana ke kira Tetis. Ruwa ne mara zurfi sosai, mai ɗumi, garai-garai, rana na kaiwa har ƙasansa, irin ruwan da murjani ke so. Wannan mai kama da saƙar zumar da ka tsinta, bisa yadda ka siffanta shi, murjani ne, ɗan uwan wanda masu nutso ke gani yau a tekun Jidda.

Yadda abin ke faruwa kuwa, halittun ruwa irin su makankari da katantanwa da murjani suna zuƙar sinadarin farar ƙasa daga ruwan su gina ɓawonsu da shi. In sun mutu ɓawon ya faɗa ƙasa, igiyar ruwa ta yi ta murza shi, wani ya zama tsakuwa wani ya zama yashi wani ya niƙe ya zama farin taɓo, kaɗan ne ke tsira da siffarsu kamar wanda ya faɗo hannunka. Na baya su zo su mutu a kan na farko, haka dai haka dai. In abin ya yi kauri sai nauyin na sama ya danne na ƙasa ya matse ruwan cikinsa, sannan ɗan ruwan da ke tsiyaya tsakanin ƙwayoyin ya riƙa ajiye farar ƙasa yana liƙe su da juna. Ka leƙa cikin butar shayinka da ta daɗe, za ka ga farin abu ya kama gindinta ya yi tauri sai an kankare, to shi ne dai wannan sinadarin, shi ne simintin da ya mai da taɓo dutse. In kana so ka gwada, ɗiga ruwan khal, wato binega, a kan dutsen da ke motarka ka kusanto da ido, za ka ga 'yan kumfa ƙanana na tasowa.

Layukan kuma kowanne alama ce ta cewa wani abu ya sauya. In ruwa ya ƙara zurfi sai laka mai laushi ta kwanta, in ya ja baya sai ɓawo da yashi masu kaushi su kwanta, wani lokaci laka ta shigo daga tudu ta ba da toka-toka ɗin nan, wani lokaci kuma a ɗau tsawon zamani ba abin da ya sauka, saman ya yi tauri kafin sabo ya hau. Shi ya sa in ka kalli Tuwaiƙ daga nesa za ka gan shi kamar matakala, layi mai tauri ya tsaya cak ya zama bango, mai laushi kuma iska da ruwan sama su zaizaye shi ya zama gangare.

Akwai ƙa'idoji da muke fara koya a shekarar farko, wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Steno da ya zauna a Italiya shi ya rubuta su a 1669, kuma kai da idonka ka riga ka gano biyu daga ciki. Ta farko, na ƙasa ya girmi na sama matuƙar ba a kifar da su ba, kamar dai bulo, ba a aza sahu na biyar kafin na huɗu. Ta biyu, duk abin da ya kwanta a ruwa a shimfiɗe yake kwanciya, saboda haka in ka ga layi a karkace ko a lanƙwashe to daga baya ne wani abu ya motsa shi. Ta uku ita ce wadda ta ɗaure maka kai, shimfiɗa ba ta tsayawa haka kawai, tana tafiya ta ko'ina har sai ta sirance ko ta ci karo da gaɓa, don haka in ka ga layi ɗaya hagu da dama to asali haɗe suke, injin masu titi ne ya raba su, a wani wurin kuma kwari ne.

Yanzu ga abin da na fi so ka gwada tunda kana kan hanyar. Shimfiɗun Najadu ba a kwance suke sak ba, sun ɗan karkata zuwa gabas, kaɗan ne ƙwarai wajen digiri 1, ido ba ya gani a wuri ɗaya. Yammacin ƙasar ne ya ɗagu, musamman tun da Bahar Maliya ta fara tsagewa wajen shekara miliyan 30 da suka wuce. Saboda wannan karkatar, duk lokacin da ka nufi yamma kana sauka ne zuwa tsofaffin shimfiɗu, in ka nufi Dammam kana hawa sababbi. Masana sun ba kowace suna daga wurin da ta fi fitowa fili, kuma sunayen ka san da yawansu, a saman dutsen Tuwaiƙ akwai Hanifa daga Wadi Hanifa, sai Jubaila, can sama kuma Sulay. A ƙarƙashinsa akwai Durma, sai Marrat, sai dutsen yashi na Minjur. Minjur ɗin nan da ke fitowa sarari yamma da gangaren, ita ce a ƙarƙashin birnin Riyad ta nutse fiye da mita 1,000, kuma rijiyoyi masu zurfi suna jawo ruwa daga cikinta. In ka ci gaba har yankin Ƙuwai'iyya sai fararen duwatsu masu layi su ƙare, ka fara ganin baƙaƙe da jajaye curi-curi marasa layi. Ka lura da wurin nan da kyau in ka je.

Tsohon mai haƙar rijiya, Jidda:

Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta min ina faɗa. Ni haifaffen Maiurno ne a ƙasar Sudan, a bakin kogin Bahar Azraƙ, reshen Nilu da ke saukowa daga Habasha, kudu da Sinnar, kakanninmu suna cikin waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, yanzu ina zaune wajen 'ya'ya a nan Jidda. Na yi haƙar rijiya da hannu shekaru masu yawa a ƙauyukan wajenmu, kuma abin da yaron nan ɗalibi ya faɗa, Allah ya yi masa albarka, mun gan shi da fitila a cikin rami ba tare da mun san yana da suna ba.

In ka fara haƙa a wajenmu baƙar laka za ka fara tararwa, wadda ke tsattsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuma ta riƙe takalmi. A cikinta muna samun 'yan katantanwa farare, nesa da kogi fa, inda ba wanda ya taɓa ganin ruwa ya kai. In ka yi ƙasa sai lakar ta fara haske ta cakuɗe da wasu fararen ƙulalai masu tauri da ke cin bakin diga. Bayan nan yashi, shi ne wurin da muke jin tsoro don yana zubowa, sai an ɗaure. In ka fara jin tsakuwa masu santsi kamar ƙwai suna ƙara a jikin shebur kuma yashin ya yi sanyi a hannu, to ka yi hamdala ruwa ya kusa. Kuma in na haƙa a gidan wani na samu tsakuwar a gaba goma sha biyu, maƙwabcinsa ya kira ni, tun kafin na sa diga zan ce masa ya shirya igiya ta gaba goma sha biyu ko sha uku, kuma da wuya a saɓa. Amma na taɓa haƙa wata a bayan gari na wuce wannan zurfin da gaba huɗu ban ga tsakuwa ba sai laka, daga baya muka fahimci tsakuwar nan tsohuwar hanyar kogi ce, tana da gefe, na fita daga cikinta ne.

Abu ɗaya nake so na ƙara wa yaron. Kada mai karatu ya ɗauka kowace shekara layi ɗaya take bari a ƙirga kamar kwanakin wata. A juruf ɗinmu, wato gonakinmu na bakin kogi, in ruwan Habasha ya sauko a watan takwas yana zuwa ne ja wur da laka, ka ɗebo a randa ka bar shi ya kwana ka ga yashi a ƙasa, laka mai laushi a kansa, ruwa garai a sama. In ya janye ya bar mana sabuwar ƙasa mu shuka a kai. Wata shekarar ya bar kamar kaurin ɗan yatsa, wata shekarar kusan taƙi, wata shekarar kuma ya zo da fushi ya yanke gaɓar gaba ɗaya, ya tafi da abin da ya tara shekara ashirin a dare ɗaya, sannan ya dawo ya ɗora sabo a kan tabon. Wanda ya zo daga baya ya kalli gaɓar ba zai san an yi waɗannan shekaru ashirin ba sai in yana da ido.

Uwar gida, Makka:

Masha Allah, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, na karanta wa yarana naka sun yi shiru suna ji. Ni tambayata ga ƙanena ɗalibi. An haife ni a Makka, na hau Jabalun Nur ban san sau nawa ba, Saur ma na hau, tagar kicin ɗina dutse take kallo, amma ban taɓa ganin layi-layin nan da kuke faɗa ba balle katantanwa. Namu curarru ne masu duhu da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gishiri da barkono. Ko tekun bai zo nan ba ne, ga shi mu ne ma kusa da shi? 'Yata tana aji biyu a mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, an ba su wannan darasin na nau'o'in duwatsu, ta tambaye ni na rasa ta cewa.

Direban tirela, Riyad:

Na gode ƙwarai, Baba na gode Allah ya saka. Na gwada khal ɗin a bakin baƙala jiya da dare kuma wlh ya yi kumfa, har mai shagon ya fito yana kallo. Amma ɗalibi saura abu biyu ban gamsu ba. Na yarda na ƙasa ya girmi na sama, wannan hankali ma ya ba da shi, to amma miliyan 160 ɗin nan fa, wa ya ƙirga? Sannan maganar malam tela ta Ɗufana ka tsallake ta, ni kuma ita ce ta fara zuwa min a rai tun a wurin.

Ɗalibin jiyoloji, Riyad:

Baba gyaranka daidai ne ɗari bisa ɗari, kuma abin da ka siffanta na gaɓar da ruwa ya yanke babi ne guda a karatunmu, muna ce masa adamut tawafuƙ, wato giɓi tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa. Shi ya sa na ce yaya direba ya lura da yankin Ƙuwai'iyya. A can wata shimfiɗar farin dutse mai suna Khuff, mai shekara wajen miliyan 250 da ɗoriya, tana zaune ne a kan duwatsun da suka haura shekara miliyan 550. Ka iya aza tafin hannunka a kan mahaɗar, yatsunka na sama a wani zamani na ƙasa a wani, tsakaninsu wajen shekara miliyan 300 babu su a wurin, ko dai ba a ajiye komai ba ko an ajiye zaizaya ta kwashe. Irin wannan mahaɗar ce wani masani ɗan Sikotlan, James Hutton, ya tsaya a kanta a bakin teku a 1788 ya nuna wa abokansa irin tsawon zamanin da dutse ke ɗauke da shi.

Kuma Baba hujjar masu haƙar rijiya tsohuwa ce a wannan ilimin. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya rubuta cewa saharar Larabawa ta taɓa zama teku, dalilin da ya kawo kuwa shi ne abin da ake tararwa in an haƙa rijiya, shimfiɗun ƙasa da yashi da tsakuwa da ɓawon halittun ruwa. A Ingila ma wanda ya fitar da taswirar duwatsun ƙasar a 1815, William Smith, ba malamin jami'a ba ne, mai awon hanyoyin ruwa ne da ake haƙawa don jigilar gawayin kwal. Yawan shiga rami ne ya sa ya lura kowace shimfiɗa tana da irin nata ɓawon da ba ya maimaituwa a sama ko a ƙasa, kuma jerin ba ya sauyawa daga gari zuwa gari.

Wannan shi ne rabin amsar miliyan 160. A duwatsun Najadu ana samun wata halitta mai murɗaɗɗen ɓawo kamar ƙahon rago, amonait, wadda nau'o'inta ke sauyawa da sauri kuma ta bazu a tekunan duniya, saboda haka in an ga nau'i kaza a nan aka gan shi a wata ƙasa an san zamaninsu ɗaya. Ɗaya rabin kuma daga tokar dutse mai aman wuta yake zuwa. In tokar ta sauka tsakanin shimfiɗu tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi da ake kira zirkon, cikinsu akwai yuraniyom, shi kuma yuraniyom yana rikiɗa ya koma darma a kan ƙa'idar da aka auna a lab, nau'insa mafi yawa sai ya ɗau shekara biliyan 4.47 kafin rabinsa ya rikiɗe. In aka auna nawa ya rage nawa ya zama darma sai lissafi ya ba da shekarun tokar, abin da ke ƙarƙashinta ya girme ta, na samanta ƙaninta ne. Daga inda aka samu tokar sai a bi amonait ɗin a kai lissafin inda babu toka. Ba kabon 14 da mutane suka fi ji ba ne, shi ba ya wuce shekara dubu 50.

Maganar Ɗufana kuwa malam tela, ta zo a Alƙur'ani kuma mun yi imani da ita, ba ita nake taɓawa ba. Abin da nake cewa kawai waɗannan shimfiɗun na Tuwaiƙ ba aikin ambaliya guda ba ne, kuma dutsen da kansa ke nuna haka. Ambaliya guda irin randar Baba take bari, manya a ƙasa ƙanana a sama, an gama. A Tuwaiƙ kuwa za ka samu murjani a tsaye inda ya tsiro, kansa na kallon sama, bai karye ba, kuma murjani a hankali yake girma cikin ruwa mai tsabta, laka kashe shi take. A samansa wata shimfiɗa mai cike da ramukan da ƙananan halittu suka haƙa suka zauna a ciki, a saman wannan kuma wani murjanin ya sake tsirowa. Sannan in ka bi hanyar Kharj akwai kogon Hit, a can za ka ga shimfiɗar anhaidarait, ɗan uwan jibis ɗin da ake silin da shi, kaurinta mita gommai. Wannan ba ya samuwa sai ruwan teku ya tsaya a wuri rana ta ƙafar da shi, kuma in ka ƙafar da ruwan teku mai zurfin mita 1,000 jibis ɗin da zai bari bai kai mita 1 ba. Ka ga sai ruwa ya yi ta shigowa yana ƙafewa ba iyaka. A ƙarƙashin Hit ɗin ma an yi ta musanya, farin dutse, anhaidarait, farin dutse, anhaidarait, har sau huɗu in aka haɗa da Hit ɗin kansa.

Wannan musanyar ce ma arzikin ƙasar nan. Shimfiɗun da kake gani a fili a Riyad, a gabas sun nutse ƙasa. A can wasu sassan Tuwaiƙ da Hanifa laka ce mai cike da ragowar ƙananan halittu, zafin ƙasa ya dafa ta ta ba da mai, man ya tsiyaya sama ya shige wani farin dutse mai ƙofofi kamar soso da ake kira Arab, anhaidarait ɗin kuma ya zama murfi ya hana shi fita. Rijiyar Dammam mai lamba 7 da ta ba da mai a watan Maris na 1938 a zurfin mita 1,440 cikin shimfiɗar Arab ta same shi, filin mai na Gawar da aka gano a 1948 ma haka.

Anti ta Makka, duwatsunku wani gida ne daban. Ba kwanciya suka yi a ruwa ba, narkakken dutse ne da ya huce a hankali can cikin ƙasa, ɗigo-ɗigon da kike gani ƙwayoyin ma'adinai ne da suka samu lokacin girma, daga baya ƙasar ta ɗagu zaizaya ta yaye abin da ke kansu. Suna cikin tsohon ginshiƙin yammacin ƙasar nan da ake kira Dir'ul Arabi, mai shekara sama da miliyan 550, kusan duk kafin a fara samun halittu masu ɓawo, kuma ko da akwai su ba abin da zai tsira a cikin narkakken dutse. Ki ce wa 'yarki na tagar kicin nariyya ne, wato na wuta, na yaya direba kuma rusubiyya, wato wanda ya kwanta shimfiɗa-shimfiɗa. In kun je Madina kuma ki nuna mata baƙaƙen duwatsun harra, su ma na wuta ne amma a sarari suka malalo suka rufe abin da suka tarar, wanda ya fito a shekara ta 654 bayan hijira, wato 1256, har malaman tarihi sun rubuta labarinsa, kuma shi ne a saman waɗanda suka riga shi.

Baba kafin na tafi, garin Wurno na Sakkwato da sunan garinku ya samo asali daga gare shi, akwai shimfiɗar dutse da masana suka sa wa sunansa. Teku ya taɓa shiga can ma, farin dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina cike yake da ɓawon halittun ruwa, kuma a wajen Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku har aka raɗa mata suna Goronyosaurus.

Tsohon mai haƙar rijiya, Jidda:

Ikon Allah. Ban taɓa taka Wurno ba sai dai labari a bakin kakata. Yaro in ka zo Jidda ka neme ni ta hannun jikana, ina so ka zana min jerin nan na Riyad a takarda da sunayensu daga ƙasa zuwa sama, ni ma na zana maka na wajenmu da gaba-gabansa.

Direban tirela, Riyad:

Alhamdu lillah yanzu na gamsu. Ina da lodin Jidda ran Asabar insha Allah, zan fita da asuba don na isa Ƙuwai'iyya da sauran hasken safe na nemi inda farin dutse ya ƙare baƙi ya fara, in na samu wurin fakawa mai kyau zan ɗauko hoto na sa a nan ɗalibi ya duba ko shi ne. Baba in ka yarda zan taho maka da mai saƙar zumar ka riƙe a hannunka ka gani, jikanka ya turo min unguwar ta saƙon sirri.